Hoton da Aka Rataye a Rumfar Burukutu

Reutlingen, Jamus ta Yamma
14 ga Oktoba, 1984

Mama Scholastica,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen Trikania duka. Yaya ƙafar nan taki? In har yanzu tana kumbura da yamma ki rage tsayuwa gaban tukunyar burukutu, ko da yake na san da bango nake magana. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi. Turawan nan suna ce mini wai bai ma fara ba. Karatun injinan saƙa yana tafiya daidai, in Allah ya yarda zan dawo masaƙarmu ta Kakuri da abin nunawa.

Ranar Asabar makaranta ta kwashe mu a bas zuwa wani tsohon gari mai suna Heidelberg. Mama, gani ya kori ji. Garin yana bakin kogi, kogin bai kai namu na Kaduna cika da damina ba, amma ban ga ko mutum ɗaya yana wanki a ciki ba. Lungunansu duk shimfiɗe da duwatsu, gidajen masu jan rufi, kowanne ya girme wa Kaduna nesa ba kusa ba. Jami'arsu kaɗai ta kusa shekara ɗari shida.

A kan tudu akwai fadar sarakunansu na dā. Faransawa suka fasa ta da albarushi wajen shekara ɗari uku da suka wuce, daga baya tsawa ta ƙarasa aikin. Wata hasumiya ta tsage biyu, rabin yana kwance a ƙasa har yau. Ba su gyara ba, ba su kwashe ba, sai ma mutane ke zuwa daga Japan suna ɗaukar ta hoto. Na tuna katangarki ta baya da ruwa ya kayar bara mai unguwa ya hana ki sakat. Da a nan kike, da kin zama abin alfahari.

Amma dalilin rubuto miki shi ne abin da ke ƙarƙashin fadar. Gangar giya ce ta katako, an ce babu kamarta a duniya. Tana cin durom sama da dubu. Matakala ake bi a hau ta, a samanta kuma an yi dandali inda ake rawa. Kusa da ita akwai gunkin wani gajeren mutum da ya yi gadinta a zamanin dā. Wai tun tasowarsa bai san ruwa ba sai giya, ranar da rashin lafiya ta sa aka ba shi ruwa, washegari ya mutu. Ina tsaye ina kallo, ke kaɗai ce a raina. Na ce duk danginmu babu wanda zai san darajar abin nan sai ke.

Ga hoto nan na sa miki a ciki. Amma don Allah ki ajiye shi inda mutanen cocinmu na Narayi ba za su gani ba. Kin san Baba Istifanus, mahaifin Edith da zan aura, dattijo ne a ikilisiya, ko kwalbar da babu komai a ciki ba ya son gani. Kin kuma san da Ista mai zuwa aka sa za a kai kayan aurenmu. Ke da marigayiya mahaifiyata kakanninku ne suka haɗa uwa, amma ke kika ba ni tabarma da tuwo lokacin da na zo Kaduna neman aiki, don haka ba ni da abin ɓoye miki.

Ɗanki,
Albert

*

Trikania, Kaduna
20 ga Nuwamba, 1984

Albert ɗana,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Takardarka ta iso ta hannun katakis, malamin cocinmu na Katolika. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, ba ta warke ba, ba ta kashe ni ba. Alade ta haihu takwas. Dawa ta yi tsada, sojoji kuma sun sa mu bin layi ko sabulu za ka saya. Ka yi haƙuri da rubutuna, tun da 'yan sista na mishan suka koya mini a Zonkwa alƙalami bai saba da ni ba.

Na ga hoto. Na zauna na daɗe ina kallo. Shekara talatin ina dafa burukutu, ina ganin duromina huɗu wani abu ne, ashe wasan yara nake yi. Na kai wa mai hoto ya sa masa gilashi.

Sai maganar inda zan ajiye shi. Na bi umarninka sosai. Ɗakina bai yi ba, don Edith kanta tana zuwa gaishe ni, kuma idonta ba ya barin komai. Akwati bai yi ba, gara ta cinye mini takardar baftisma a ciki. Na yi tunani, na duba Kaduna kaf, na ga wuri ɗaya ne tak ɗan cocinku ba zai taɓa sa ƙafa ba ko ana ruwan wuta a waje. Na buga ƙusa a ginshiƙin rumfar burukutuna na rataye shi.

Tun ranar rumfa ba ta huta ba. Sunday mai gyaran keke ya ce ƙarya ce, dabarar masu hoto ce, an rage ka ne aka ƙara ganga. Garba direban tanka ya auna da tsinke ya ce tankarsa sai ta yi sawu bakwai kafin ta kwashe. Suka kusa dambe. Yanzu har daga Makera da Nasarawa ake zuwa kallo, kuma wanda ya zo kallo ba ya tafiya da baki a bushe. Labarin gajeren nan da ruwa ya kashe kuwa, Sunday ya ce dama ya daɗe yana zargin ruwa.

Ka tambayo mini abu biyu. Yaya suke wanke ta? Mutum ake zurawa da igiya? Kuma kwana nawa take yi kafin ta yi tsami? Don abu mai yawa haka, in ba a sha da wuri ba, sai dai a ba aladu.

Na kuma ga kofi a hannunka, cike. Ban ce komai ba. Na dai ji daɗi da na ga Turai ta fara gyara maka hali.

Uwarka,
Scholastica

*

Reutlingen
9 ga Disamba, 1984

Mama,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ni jikina lafiya, amma abinci ya ƙi shiga.

Takardarki da ta Edith rana ɗaya suka iso. Tata layi uku ce. Ta ce mahaifinta ya ji labarin hoto, ya ce a dakata da maganar Ista, sannan ta tambaye ni ko gaskiya ne. Ko gaisuwa babu.

Mama, gaskiya ne mutanen cocinmu ba sa shiga rumfarki, amma injin ɗaya suke aiki da masu shiga. Zancen da aka yi a rumfa da yamma, kafin a busa tashin safe ya zaga masaƙa. Yanzu an ce mini a Narayi ana faɗa wai na bar karatu na kama aikin gadin giya.

Ki saurare ni da kyau. Kofin nan ba nawa ba ne. Na wani ɗan ajinmu ne, Bature mai suna Dieter. Shi zai ɗauke ni hoton, kamara tana son hannu biyu, sai ya ce in riƙe masa. Na riƙe, ya ɗauka, na mayar masa. Ko leɓena bai taɓa ba. Gangar kuma babu komai a cikinta. Tun farko yoyo take yi, ta fi shekara ɗari biyu a bushe. Kallo kawai ake zuwa yi. Wannan ya amsa tambayoyinki biyu.

Na rubuta wa Baba Istifanus duk wannan, amma na san shi, takardar yaro ba za ta juya shi ba. Ki cire hoton nan yau, ki je Narayi ki yi masa bayani baki da baki. Ina son yarinyar nan, Mama. Shekara uku ina rera waƙa cikin mawaƙan coci da muryar da ke kanki kin ce ta fi dacewa da korar tsuntsaye a gona, duk saboda ita. In na rasa ta a kan kofin wani, ban san me zan dawo yi a Kaduna ba.

Albert

*

Trikania
27 ga Janairu, 1985

Albert,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Takardarka ta maƙale cikin cunkoson Kirsimeti, sai bayan biki ta zo. Na ji haushin muryarka, amma na ga laifina ne, na haɗiye. Na fi jin haushin cewa gangar babu komai. Ban gaya wa 'yan rumfa ba tukuna, kada in karya musu zuciya.

Na je Narayi kamar yadda ka ce. Na sa zanen zuwa coci, na wanke hannuna da lemun tsami don kada ƙamshin sana'a ya riga ni shiga. Surukin naka ya tare ni a bakin ƙofa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har sunan Baturen na faɗa. Ya saurara, ya gyara tabarau, ya ce, “Madam, wanda ya riƙe kofi a gindin ganga ba addu'a ya je yi ba.” Sannan ya ce in aiko masa da hoton ya gani da idonsa.

A nan ne raina ya ɓaci. Madam. Istifanus da na sani tun yana aikin reluwe a Kafanchan, lokacin da ƙwarya biyu yake riƙewa don kada ɗaya ta ji kaɗaici. Ban hana mutum tuba ba, amma a tuba da ladabi. Na ce masa hoto yana inda yake, mai son gani ya san hanya. Na san ba abin da ka aike ni ke nan ba. Na dawo gida ina cizon yatsa, na ce na kashe wa yaron nan aure.

Ran Litinin da safe sai ga shi. Ya yi lissafin cewa da safe rumfa babu kowa. Ya manta masu aikin dare a masaƙa da safe suke tashi, kuma nan suke fara biyowa. Ya shigo da hula a ja har gira, Littafi a hammata kamar garkuwa. Ya ɗaga kai yana neman hoto, amma na rataye shi sama saboda masu taɓawa da hannun maiƙo, idonsa kuma ka san ya yi rauni.

Sunday, Allah ya shirye shi, yaro ne mai ladabi. Ya miƙe ya ce, “Baba, bari in sauko maka da shi. Riƙe mini nan.” Ya danƙa masa ƙwaryarsa cike har baki, ya taka benci. Dattijo ya karɓa bai ma sani ba, hankalinsa yana kan bango.

Daidai nan Matthew ya leƙo. Ka san Matthew, sakataren cocinku, wanda ke zuwa ta ƙofar baya yana sayen dusar burukutu saboda aladunsa. Ya tsaya da buhu a hannu. Ya dubi Istifanus, ya dubi ƙwarya, kumfa tana gangarowa kan yatsun dattijo. Ya ce, “Sannu da hutawa, Baba.” Ya juya, ko dusar bai ɗauka ba.

Lahadin da ta biyo baya an sauke surukinka daga kujerar dattawa zuwa bencin baya, har sai kwamiti ya zauna. Matarsa ta daina zuwa kasuwa. Edith ta zo nan ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake kuka. Ta ce in gaishe ka, amma maganar Ista tana nan a dakace, don mahaifinta ko sunanka ba ya son ji. Ya ce kai ne mafarin komai.

Na cire hoton. Yana ƙarƙashin katifata.

Uwarka,
Scholastica

*

Reutlingen
12 ga Fabrairu, 1985

Mama,

Ina gaisuwa. Ƙanƙara ta rufe ko'ina, sanyin da suka yi mini alkawari ya zo da 'yan'uwansa.

Na karanta takardarki a ɗakin cin abinci, na yi dariya har Dieter ya zo yana tambaya. Da na fassara masa sai ya ce zai rubuta wa kwamiti. Na ce ya rufa mini asiri, taimakonsa na farko ma bai gama warkewa ba. Da na koma ɗaki kuma sai dariyar ta gudu. Mutumin nan shekara ashirin yana gina sunansa. Edith tana ganin mahaifinta a bencin baya kowace Lahadi, kuma ta dalilina.

Na san za a neme ki shaida, don Sunday ba wanda zai yarda da maganarsa bayan ƙarfe tara na safe. Na kuma san ki. Ina roƙonki kada ki rama. Kada ki tayar da zancen Kafanchan. Kada ki ce masa sai ya ba ni Edith kafin ki buɗe baki, ba na son matar da aka karɓo mini da wuƙa a wuya. Ki faɗi abin da kika gani kawai. In ya so ya hana ni bayan haka, na haƙura.

Ranar Asabar na sake komawa Heidelberg ni kaɗai, ban san dalili ba. Na tsaya gaban gangar, na ƙwanƙwasa ta da hannu, na kara kunne. Babu komai sai iska. Mai gadin wurin ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa labarin yana da tsawo.

Ɗanki,
Albert

*

Trikania
17 ga Maris, 1985

Albert ɗana,

Salama. Muna lafiya, ƙafa ta ɗan sauka. Na sayar da 'yan aladu biyar. Zauna ka ji.

Surukinka ya zo da kansa neman shaida. Wannan karon bai ƙetare kwata ba, daga can bakin titi ya aiko a kira ni, hannuwansa biyu cikin aljihu, kada wani ya sake ba shi ajiya. Bai ce Madam ba. Ya ce, “Scholastica, ke kin ga abin da ya faru.” Na ce na gani. Zancen Kafanchan ya zo mini har bakin haƙori, na tuna roƙonka na mayar da shi. Ka sani ka ci bashin wannan haɗiya, don ta fi ƙashin kifi wuya.

Kwamiti ya zauna ran Asabar a ɗakin bayan cocinku. Fasto a tsakiya, dattawa shida, Matthew da alƙalami. Na shiga da rosari, carbinmu na Katolika, a wuya don su san ba tuba na zo yi ba. Fasto mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya tambaye ni ko dattijo ya sha. Na ce bai sha ba. Ya ce ko ya kai baki. Na ce bai kai ba. Ya ce to me ya kai ƙwarya hannunsa. Na ce riƙo aka ba shi, mai ita yana bukatar hannu biyu.

Matthew ya ajiye alƙalami ya yi murmushi. Ya ce, “Fasto, mu ba yara ba ne. Wanda ya riƙe ƙwarya a gindin tukunya ba addu'a ya je yi ba.”

Allah ne shaidata, ban rama ba. Na dai juya na dubi Istifanus. Ashe maganar da ya gaya mini a bakin ƙofa ya sha maimaita ta a gaban dattawan nan a kanka, har ta zama karin magana a Narayi. Kowa a ɗakin ya san mai ita. Wani tsoho ya fara tari don ya ɓoye dariya.

Surukinka ya miƙe a hankali. Sai tausayinsa ya kama ni. Ya ce, “Maganar nan tawa ce, kuma ba daidai ba ce. Mutum yana iya riƙe wa wani. Na gani da hannuna.” Fasto ya ce in haka ne, yaya batun yaron da ke Jamus? Istifanus ya gyara tabarau. Sannan ya ce, “In kun yarda da ni, na yarda da shi. In ba ku yarda da ni ba, shi dai na yarda da shi. A kawo kaya da Ista.”

Sun mayar masa da kujerarsa. Fasto ya kuma tambayi Matthew ta wace hanya ya bi har ya ga cikin rumfata, amma wannan shari'ar wata ranar ce. Edith tana bakin taga duk lokacin nan, ta ce takardarta tana hanya, kuma wannan karon da gaisuwa. Aure da Kirsimeti in ka dawo. Sharaɗin surukinka ɗaya, kada ƙwarya ko ɗaya ta shiga Narayi ranar. Na yarda. Masu ƙishi sun san Trikania.

Da aka tashi Istifanus ya raka ni tashar bas. Na zo da hoton a jaka ko za a nema, ba a nema ba. Muna tsaye ya ce in ba shi ya duba, don duk wahalar nan da ya sha bai taɓa ganinsa ba. Ya juya wa titi baya, ya kawo shi daf da tabarau. Kai ko kallonka bai yi ba. Ya daɗe yana bin gangar da yatsa daga ƙasa har dandalin rawa.

Ya rage murya ya ce, “Durom dubu?”

Na ce sama da dubu.

Ya ce, “Kuma da gaske babu komai a ciki?”

Na ce shekara ɗari biyu ko ɗigo.

Ya miƙo mini hoton, ya cire tabarau ya goge ido, ya girgiza kai. Ya ce, “Kai. Wannan asara ce.”

Ka sa rigar sanyi, ka ci abinci.

Uwarka,
Scholastica